Lafayette, ɗan sarautar da ya so ya zaunar da sarki da talakawa bisa tabarma ɗaya

Amurkawa na girmama shi tamkar ɗaya daga cikin iyayen ƙasarsu. A Faransa kuwa, ƙasar haihuwarsa, har gobe ana gardama a kansa: wasu na kiransa gwarzon ƴanci, wasu na tuna cewa dakarunsa ne suka buɗe wa talakawan Faris wuta a shekara ta 1791. Ga tarihin mutumin da ya shiga juyin juya hali har sau uku.

Duk wanda ya zauna bencin kwaleji ko lise a ƙasar nan ya gamu da sunan Lafayette cikin darasin tarihi, galibi a layi biyu ko uku, tsakanin faɗuwar gidan kason Bastille da sare kan Sarki Louis na 16. Layi uku sun yi wa mutumin kaɗan. Ya rayu shekara 76. Ya ɗauki takobi a yaƙin ƴancin Amurka yana da shekara 19, ya riƙe birnin Faris a 1789 yana da 31, ya sake riƙe shi a 1830 yana tsoho mai shekara 72. Tsawon wannan lokaci duka abu guda yake nema: sarki ya zauna bisa gadonsa amma tsarin mulki ya ɗaure masa hannu, talaka kuma ya sami haƙƙinsa ta hanyar doka ba tare da ya ɗauki gatari ba. A ƙasar wasu, wannan buri ya jawo masa ɗaukaka. A gida kuwa ya jawo masa ƙiyayyar fada da ta talakawa a lokaci guda.

Maraya mai dukiya

An haifi Gilbert du Motier ranar 6 ga Satumba 1757 a gidan kakanninsa na Chavaniac, cikin duwatsun lardin Auvergne. Sarautarsu ta gado ita ce marquis, wadda ke ƙasa da ta duc a jerin masu sarautar Faransa. Gidan mayaƙa ne tun kaka da kakanni. Bai cika shekara biyu ba harsashin igwar Ingilishi ya kashe mahaifinsa a fagen yaƙin Minden, ranar 1 ga Agusta 1759. A 1770 mahaifiyarsa ta rasu, wani dattijo daga cikin kakanninsa na wajen uwa ya bi ta cikin ƴan makonni, dukiyarsu ta faɗo hannun yaron. An ƙiyasta abin da gonaki da kadarorinsa ke kawo masa ya kai livre 120,000 a shekara, a zamanin da lebura a Faris ke wuni yana aiki don livre guda ko abin da ya ɗara kaɗan.

Maraya mai irin wannan dukiya ba ya daɗewa ba a yi masa aure ba. A watan Afrilu 1774 aka ɗaura masa aure da Adrienne de Noailles, ɗiyar ɗaya daga cikin manyan gidajen fadar Versailles. Ango na da shekara 16, amarya 14. Surukansa sun so ya zama bafade, shi kuwa bai iya rawa ba, bai iya zancen fada ba, hankalinsa na wurin aikin soji.

Kamar yadda ya ba da labari da kansa daga baya, al'amarin ya faro ne a barikin Metz, a watan Agusta 1775, wurin wata liyafa da aka shirya wa ƙanen Sarkin Ingila. Baƙon ba ya ga maciji da wansa, don haka ya saki baki ya ba da labarin mazauna yankuna 13 na Amurka da suka yi wa Ingila tawaye. Asalin rigimar lanho ne: majalisar Landan ta ɗora musu haraji bisa takarda da ganyen shayi, alhali ba su da wakili ko ɗaya cikinta. Saurayin hafsa ya tashi daga teburin da niyyar tafiya. Son ƴanci na ciki, son suna na ciki, fansar mahaifinsa ma tana ciki.

Takobi a ƙasar wasu

Sarki ya hana tafiyar, domin Faransa ba ta shirya faɗa da Ingila a fili ba tukuna. Surukinsa ma ya hana. Lafayette ya sa kuɗinsa ya sayi jirgin ruwa mai suna La Victoire, ya sulale ta wata tashar ƙasar Sifen a watan Afrilu 1777, ya bar matarsa da juna biyu. Ranar 13 ga Yuni ya sauka gaɓar Karolina ta Kudu.

A Filadelfiya ba a tarbe shi da ganga ba. Majalisar ƴan tawaye ta gaji da hafsoshin Turai masu zuwa neman galan da albashi. Sai ya ce shi ba ya son ko anini, zai yi aiki da kuɗin aljihunsa. Wannan magana, tare da sanin irin gidan da ya fito, ta sa ranar 31 ga Yuli 1777 aka ba shi muƙamin manjo janar. Ƴan kwanaki bayan haka ya gana da George Washington, babban kwamandan ƴan tawaye, mutum mai shekara 45 wanda Allah bai ba shi ɗa na cikinsa ba. Shaƙuwar da ta shiga tsakaninsu ta uba da ɗa ce, kuma ba ta yanke ba har mutuwa.

Ranar 11 ga Satumba 1777, a yaƙin Brandywine, harsashi ya huda masa ƙafa yayin da yake ƙoƙarin tsaida sojojin da suka juya da gudu. Ya yi hunturun Valley Forge tare da dakaru marasa takalma da abinci. Amma aikin da ya fi amfanar Amurkawa ya yi shi ne a fadar Versailles. Bayan Faransa ta ƙulla ƙawance da su a Fabrairu 1778, ya koma gida a farkon 1779, aka yi masa ɗaurin talala na kwana takwas saboda saɓa wa umurnin sarki, daga nan ya shiga bin ministoci ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a aika runduna. Ya komo Amurka a Afrilu 1780 cikin jirgin Hermione da albishir, kuma a watan Yuli Janar Rochambeau ya sauka da soji sama da 5,000.

A 1781 Washington ya tura shi Virginia da mutum kimanin 1,200, inda daga baya ya fuskanci Janar Cornwallis, wanda rundunarsa ta ninka tasa sau da yawa. A kan hanya ya ci bashi da sunansa wurin ƴan kasuwar Baltimore, ya saya wa sojojinsa riguna da takalma. Ya san in ya yi gaba da gaba za a murƙushe shi, sai ya riƙa ja da baya yana cizo, har Cornwallis ya je ya kafa sansani a bakin teku, a garin Yorktown. Jiragen yaƙin Faransa suka toshe hanyar ruwa, Washington da Rochambeau suka iso ta tudu, aka yi wa garin zobe. Ranar 19 ga Oktoba 1781 Ingilishi sama da 7,000 suka aje makamai. Lafayette na da shekara 24. Da ya koma Faransa aka laƙaba masa suna gwarzon duniya biyu.

Bayi da bashi

Cikin waɗanda suka taimake shi a Virginia akwai wani bawa baƙar fata mai suna James, wanda ya shiga sansanin Cornwallis ya yi kamar ya gudo daga ubangijinsa, yana aiko da labarin motsin abokan gaba. Yaƙi ya ƙare, fararen fata suka sami ƴanci, James ya koma bauta. Sai da Lafayette ya rubuta masa takardar shaida, majalisar Virginia ta ƴanta shi a 1787, shi kuma ya ɗauki sunan Lafayette.

Wannan tufka da warwara ta Amurkawa ta dami Lafayette. A 1783 ya rubuta wa Washington, wanda shi kansa mai bayi ne, yana ba shi shawarar su haɗa kai su sayi gona su gwada ƴanta bayi su maida su manoman haya. Washington ya yaba da kyakkyawar zuciyarsa, amma bai motsa ba. Lafayette ya sayi gona a Guyane a 1785 tare da bayin da ke cikinta, ya sa a riƙa biyansu lada, a koya wa yaransu karatu, a daina bulala, da niyyar sakinsu sannu a hankali. Wannan sannu a hankali ita ta cuce su: ranar da gwamnatin juyin juya hali ta ƙwace dukiyarsa, mutanen nan ba su riga sun sami takardar ƴanci ba, aka lissafta su cikin kaya.

Shi kuwa yaƙin Amurka ya bar wa baitulmalin Faransa rami mai zurfi. An kashe sama da livre miliyar guda, kusan duka bashi ne. Masu sarauta da manyan limaman coci, waɗanda ke riƙe da ƙasa mafi kyau, sun kuɓuta daga mafi yawan lanho, nauyin na bisa manomi da ɗan kasuwa. A 1787 sarki ya tara manyan ƙasa don su yarda da sabon haraji. Lafayette na cikinsu, kuma shi ne ya miƙe ya nemi a kira babban taron wakilan al'umma, abin da ba a yi ba tun 1614. Shugaban zauren da ya yi maganar a cikinsa ƙanen sarki ne, Comte d'Artois, wanda ya tambaye shi cikin mamaki ko da gaske yake. Mai karatu ya riƙe sunan wannan yarima, za mu sake gamuwa da shi bayan shekara 43.

Shekarar 1789

An buɗe taron a Versailles ranar 5 ga Mayu 1789, da rukuni uku: limaman coci, masu sarauta, da sauran jama'a. An kira su ne don neman kuɗi, amma kafin wata biyu wakilan jama'a suka ce su ne Majalisar Ƙasa, kuma ba za su watse ba sai sun rubuta tsarin mulki. Waɗanda suka bi Taron Ƙasa na Yamai ta rediyo a 1991 sun san yadda taro ke karɓe iko daga hannun wanda ya kira shi.

Ranar 11 ga Yuli Lafayette ya gabatar wa Majalisa daftarin sanarwar haƙƙin ɗan Adam, wanda ya rubuta yana shawara da Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faris. Ranar 14 talakawa suka fasa Bastille. Kashegari aka naɗa shi kwamandan Garde nationale, rundunar mazauna birni da aka kafa don tsaron unguwanni. Shi ya haɗa ja da shuɗi, launukan Faris, da fari, launin sarauta, ya yi wa dakarunsa alamar hula. Daga nan tutar Faransa ta samo launukanta. Makullin Bastille kuwa ya aika wa Washington, kuma har yau yana rataye a gidansa na Mount Vernon. Ranar 26 ga Agusta Majalisa ta amince da sanarwar mai ayoyi 17, wadda ayarta ta farko ta tabbatar da cewa kowa ɗa ne tun daga haihuwa, kuma babu wanda ya fi wani gaban doka.

Rubuta haƙƙi ya fi riƙe gari sauƙi. Ƙanƙara ta lalata amfanin gona a 1788, burodi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, yunwa kuwa ba ta jiran depite ya gama jawabi. Mako guda bayan naɗinsa, jama'a suka fizge wasu manyan ma'aikatan sarki biyu, Foulon da surukinsa Berthier, suka kashe su a ƙofar ma'aikatar magajin gari, duk da roƙon da Lafayette ya yi na a kai su gaban alƙali. Ranar 5 ga Oktoba dubban mata suka taka zuwa Versailles, tafiyar kilomita 20, suna neman burodi. Dakarunsa suka tilasta masa bin bayansu. Ya isa da tsakar dare, ya tabbatar wa sarki babu abin da zai faru, ya je ya kwanta. Da asuba mutane suka kutsa fada, suka kashe dogarai biyu, sarauniya Marie-Antoinette ta tsira da ƙyar. Lafayette ya fito da ita bisa bene gaban taron da ke neman jininta, ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ihun ya koma kirari. Ya ceci ranta, amma a ranar aka tasa ƙeyar sarki da iyalinsa zuwa Faris. Sarauniya ba ta taɓa yafe masa ba. A idonta shi ne mai gadin kurkukunsu.

Ranar 14 ga Yuli 1790 tauraronsa ya kai ƙololuwa. A filin Champ-de-Mars, gaban dubban ɗaruruwan mutane, ya sauko daga farin dokinsa ya rantse da biyayya ga ƙasa da doka da sarki, sarki ma ya rantse zai kiyaye tsarin mulki. Wata guda kafin nan an soke sarautun gado, da goyon bayansa. Lafayette ya ɗauka aiki ya ƙare.

Jini a Champ-de-Mars

Rantsuwar sarki ta fatar baki ce. Lafayette ya sha tabbatar wa jama'a cewa sarki ba zai gudu ba, har ya jingina kansa a kan haka. Daren 20 ga Yuni 1791 sarki da iyalinsa suka yi ɓad da kama suka fice daga Faris, suka nufi iyakar gabas, ya kuma bar takarda yana tsine wa abubuwan da aka yi tun 1789. Aka gane su a hanya, aka tsare su a Varennes. Don ceton tsarin da ya gina, Lafayette da shugabannin Majalisa suka ce wai sace sarki aka yi. Babu wanda ya yarda, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Ranar 17 ga Yuli dubban mutane suka taru a wannan fili na Champ-de-Mars don sa hannu bisa takardar neman a tuɓe sarki. Da safe an kashe wasu mutum biyu da aka samu ɓoye ƙarƙashin dandamali. Magajin gari Bailly ya kafa dokar ta-ɓaci, ya fito da jar tuta, Lafayette ya zo da dakarunsa. Aka jefe su da duwatsu, wani ya harba bindiga, dakaru suka yi harbi sama, daga baya suka sauke bakin bindigogi cikin taro. Masana tarihi sun saɓa kan ko shi ya ba da umurni, sun kuma saɓa kan yawan mamata, daga goma sha biyu zuwa hamsin. Amma shi ne kwamanda, kuma waɗanda suka faɗi sun zo ne da alƙalami, suna amfani da haƙƙin da shi da kansa ya taimaka aka rubuta. Daga ranar talakawan Faris suka juya masa baya. Ya aje muƙaminsa a Oktoba, ya tsaya takarar magajin gari a Nuwamba, ya sha kaye.

A Afrilu 1792 Faransa ta shiga yaƙi da Ostiriya, shi kuwa yana riƙe da runduna a iyaka. Daga can yana ganin ƴan ƙungiyar Jacobins, masu tsattsauran ra'ayi, suna ƙara ƙarfi. A ƙarshen Yuni ya bar sansaninsa ya zo gaban Majalisa ya nemi a rufe ƙungiyar. Janar mai runduna ya zo yana gaya wa depitoci abin da za su yi: abokan gabansa suka ce ga mai shirin juyin mulki, kuma maganar ba ta rasa kama ba. Ya yi tayin fitar da sarki daga Faris ƙarƙashin kariyar sojojinsa, sarauniya ta ƙi. An ruwaito cewa ta gwammace halaka da a ce Lafayette ne ya cece su. Ranar 10 ga Agusta aka kifar da sarauta. Ya nemi sojojinsa su tsaya bisa rantsuwarsu ga tsarin mulki, suka ƙi binsa. Ranar 19 ga Agusta, da takardar kama shi a hanya, ya ƙetare iyaka tare da wasu hafsoshi.

Shekara biyar a gidan kaso

Niyyarsa ya bi ta Holan ya wuce Amurka. Sojojin Ostiriya suka kama shi a Rochefort, cikin Beljiyam ta yau. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A Faris ana kiransa maci amanar juyin juya hali, a fadojin Turai kuwa ana ganinsa mutumin da ya kunna wutar tun farko. Aka yi ta yawo da shi gidajen kason Furusiya, Wesel da Magdebourg da Neisse, sannan a 1794 aka miƙa shi Olmütz, garin da ake kira Olomouc a ƙasar Cek ta yau. Wani likita Bajamushe da wani ɗalibi Ba'amurke sun yi ƙoƙarin kuɓutar da shi a Nuwamba na shekarar, aka sake cafke shi.

A Faransa injin sare kai na ta aiki. Sarki ya tafi a Janairu 1793, sarauniya a Oktoba, Bailly a Nuwamba. Ranar 22 ga Yuli 1794 aka sare kan kakar Adrienne da mahaifiyarta da yayarta, a rana guda. Kwana biyar bayan haka Robespierre ya faɗi. Ita kanta Adrienne tana tsare tana jiran layinta. Matsin jakadun Amurka ya taimaka aka jinkirta, aka sake ta a Janairu 1795.

Abin da matar nan ta yi bayan sakinta ya cancanci a tsaya a kansa. Ta aika ɗanta, wanda suka raɗa wa suna Georges Washington, zuwa Amurka. Ta ɗauki ɗiyanta mata biyu ta tafi Vienne, ta shiga gaban Sarkin Ostiriya. Da ta ga sakin mijinta ba zai samu ba, sai ta roƙi a rufe ta tare da shi. A Oktoba 1795 ƙofar ɗakin Lafayette ta buɗe, ya ga matarsa da ƴaƴansa, bayan shekara uku. A bakinta ya ji abin da ya sami danginta. Ɗanshi da warin gidan suka kama jikinta. Ta nemi izinin zuwa ganin likita, aka ce tana iya fita amma ba za ta komo ba. Ta zauna. Sai a Satumba 1797, bayan wani saurayin janar mai suna Bonaparte ya ci Ostiriya da yaƙi ya sa batun cikin shawarwarin sulhu, aka buɗe musu ƙofa. Lafiyarta ba ta dawo ba, ta rasu a Disamba 1807 tana da shekara 48.

Wanda ya ce wa Napoléon a'a

Lafayette ya koma Faransa a ƙarshen 1799, ba dukiya ba muƙami, ya zauna a La Grange, gidan gona da matarsa ta gada, yana kiwon tumaki. Bonaparte, wanda ya riga ya ƙwace mulki, ya so ya jawo shi: ya yi masa tayin kujerar sanata, da jakadanci a Amurka, da lambar girma. Ya ƙi duka. A 1802 aka tambayi Faransawa ko sun yarda Bonaparte ya yi mulki har mutuwa. Sama da miliyan uku da rabi suka ce i, kimanin 8,000 suka ce a'a. Lafayette na cikin ƴan kaɗan ɗin, ya kuma rubuta wa mutumin da ya fitar da shi daga kaso cewa ba zai ba shi ƙuri'a ba sai an tabbatar da ƴancin jama'a. A shekarar ce Bonaparte ya maido da bauta a yankunan mallakar Faransa, bayan an soke ta a 1794. A Yuni 1815, bayan kayen Waterloo, Lafayette na cikin depitocin da suka tilasta wa Napoléon yin murabus.

Gidan sarautar Bourbon ya komo, shi kuma ya koma ɓangaren adawa a Majalisa, har ya tsoma hannu cikin wasu ƙulle-ƙullen ɓoye da ba su kai ko'ina ba. A 1824 Amurka ta gayyace shi. Ya yi wata goma sha uku yana zagaya jihohi 24 da ƙasar ke da su a lokacin, kowane gari na fitowa ƙwai da kwarkwata. Majalisarsu ta ba shi kyautar 200,000 na dalar Amurka, tare da fili mai faɗi, a madadin abin da ya kashe a yaƙinsu.

Bene na biyu

Comte d'Artois, yariman nan na taron 1787, shi ne ya zama Sarki Charles na 10. A farkon Yuli 1830 sojojinsa suka ci birnin Aljer. Nasarar ta hau masa kai, a ƙarshen watan ya sa hannu bisa dokokin da suka toshe bakin jaridu, suka rusa Majalisar da aka zaɓa, suka rage masu ƙuri'a. Ƴan jarida ne suka fara cewa ba za su bi ba. Cikin kwana uku, 27 zuwa 29 ga Yuli, Faris ta tumɓuke shi. Aka sake danƙa wa tsoho Lafayette Garde nationale. Matasan da suka yi faɗan suna son jamhuriya, shi kuma ya zama shugabanta.

Ya tuna 1793, ya ji tsoron yaƙin basasa da taron dangin sarakunan Turai. Ranar 31 ga Yuli ya fito bisa benen ma'aikatar magajin gari tare da Louis-Philippe, duc d'Orléans, da tuta mai launi uku a hannu, ya rungume shi gaban jama'a. Rungumar nan ce ta ba Louis-Philippe gadon sarauta. Abin da Lafayette ya karɓa a madadi alkawari ne na baki, cewa za a kewaye gadon da dokoki irin na jamhuriya. Bai nemi a rubuta ba. Kafin ƙarshen Disamba an soke muƙaminsa. Sabuwar dokar zaɓe ta ba mutum ƙasa da 200,000 ƙuri'a, masu biyan lanho mai yawa kaɗai, cikin al'umma sama da miliyan 30. Karo na biyu ke nan yana jingina amanar jama'a bisa rantsuwar sarki. Ya ƙare rayuwarsa yana sukar gwamnatin da ya naɗa da hannunsa.

Abin da ya bari

Launukan da ya haɗa a 1789 sun yi tafiyar da bai zata ba. Su ne ke kaɗawa gaban ayarin Voulet da Chanoine ranar da suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu 1899, su ne kuma aka kafa a Damagaram a ƙarshen Yulin shekarar. Sanarwar 1789 tana rataye a makarantun Faransa, kakanninmu suna aikin dole ƙarƙashin dokar indigénat. Sai a 1946 aka soke su biyun, bayan depitocin Afirka sun tsaya a Majalisar Faris suna ƙure Faransawa da kalmomin sanarwar tasu. Tsarin mulkin Nijar na 1960 ya ambaci sanarwar 1789 tun a gabatarwarsa, duk da haka jam'iyya ɗaya ce ta yi mulki ƙarƙashinsa har 1974. Darasin da Lafayette ya biya da tsada ke nan: takarda da rantsuwa ba sa tsare kansu, in babu alƙali mai cin gashin kansa, da majalisa mai iya cewa a'a, da jarida mai iya bugawa.

Ya rasu a Faris ranar 20 ga Mayu 1834. Gwamnati ta kewaye jana'izarsa da soji don kada talakawa su maida ta zanga-zanga. A Amurka kuwa aka yi masa makoki irin wanda aka yi wa Washington, kuma a 2002 Majalisarsu ta ba shi lambar zama ɗan ƙasa ta girmamawa. An rufe shi kusa da Adrienne a maƙabartar Picpus, taku kaɗan daga ramukan da aka zuba gawar mutum 1,306 da aka sare wa kai a 1794, ciki har da surukarsa. Ɗansa ya zuba masa ƙasar da suka ɗebo daga tudun Bunker Hill, inda aka gwabza ɗaya daga cikin faɗan farko na ƴancin Amurka. Tutar Amurka ke kaɗawa bisa kabarin, kuma ana sabunta ta kowace shekara a bikin 4 ga Yuli.